Wane katin netwok da wane furosesa suka dace da fayawol ɗin da mutum zai haɗa a gida?

Ɗan Koyo ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Ina so in haɗa fayawol da kaina, wato na'urar da ke tace abin da ke shiga da fita tsakanin intanet da gida, in ajiye rautar da kamfanin intanet ya bayar, kuma manhajar fayawol ta OPNsense nake da niyyar ɗorawa. Layin fayiba ne mai gigabit 1, da PPPoE ake shiga, wato hanyar haɗawa da kamfanin intanet da suna da kalmar sirri. Buƙatata VLAN uku, wato netwok daban-daban a kan kebul ɗaya, ɗaya na mutanen gida, ɗaya na baƙi, ɗaya na kyamarori, sai VPN na WireGuard don shigowa daga waje, sai kuma Suricata mai gano kutse idan na'urar za ta iya ɗauka.

Abu biyu ne a gabana. Akwai ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu mai furosesa i5-6500 da RAM 8GB, ƙofar netwok ɗaya ce tal a jikinta, ta Realtek, amma tana da ramin ƙara kati na PCIe biyu, x16 da x1, kuma akwatin siriri ne. Ko kuma in sayi irin ƙananan akwatunan nan marasa fanka masu furosesa N100 da ƙofa huɗu. Idan kwamfutar ofis ɗin zan ɗauka, wane kati zan ƙara mata? Adaftar USB za ta iya zama ƙofa ta biyu? Kuma zan iya sa mata katin Wi-Fi ta riƙa ba gidan duka?

Mai Kebul ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka fara daga cip ɗin da ke kan katin netwok, furosesa ya biyo baya. OPNsense da takwararta pfSense duka a kan tsarin aiki na FreeBSD aka gina su, don haka duk katin da FreeBSD ba ta da direbansa mai ƙwari zai wahalar da kai ko da wane irin furosesa ka sa. Sunan kamfanin da ke jikin kwali ba shi ne abin dubawa ba, cip ɗin ne.

Na Intel su ne suka fi zama lafiya. I210, I211 da I350 suna aiki da direban igb, I225 da I226 masu gigabit 2.5 suna aiki da igc, su 82574L da I219 kuma em. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne yawan layukan jira da kowace ƙofa ke raba fakiti, wato ƙullin bayanai, a kai: I211 biyu, I210 huɗu, I350 har takwas. Layukan nan su ne ke ba ƙwayoyin furosesa damar raba aikin a tsakaninsu maimakon ƙwaya ɗaya ta sha wahala sauran suna zaune.

Ga irin kwamfutarka, I350-T2 mai ƙofa biyu ko I350-T4 mai huɗu. Dukansu x4 ne, ba za su shiga ramin x1 ba, ka sa a x16 ɗin. Ramin ba na katin hoto kaɗai ba ne. Ka tabbata katin ya zo da gajeren ƙarfen baya, domin dogon ba zai bar siririn akwati ya rufu ba, kuma barin kati yana lilo babu ƙarfe yakan sa ya zame daga raminsa in an ja kebul. I340-T4 mai cip 82580 shi ma ya yi. Amma ka guji tsohon PRO/1000 PT mai ƙofa huɗu: ya fi cin wuta nesa ba kusa ba, yana zafi, kuma a wasu sababbin allunan ko ganinsa ba a yi saboda cip ɗin gadar da ke kansa na zamanin PCIe na farko ne.

I350 na cikin katunan da aka fi yi wa jabu. Na ainihi na Intel yana da tambarin tantancewa na YottaMark ko BradyID, kuma in ka duba baƙaƙen tiransifomomin da ke bayan ƙofofin, sunan Delta a sassaƙe yake a jikinsu, ba fenti ba. Sau da yawa katin da aka ciro daga tsohuwar sabar Dell, HP ko Lenovo ya fi sabo mai arha da ba a san asalinsa ba. Sai dai waɗannan suna da tasu matsalar: wani lokaci ka sa katin, kwamfuta ta ƙi tashi ko ta daina ganin rabin RAM. Rikici ne a kan layin SMBus. Maganinsa a rufe haƙori na 5 da na 6 na gefen B na katin, wato B5 da B6, da siririn salatif mai jure zafi, a mayar.

Ita kuwa Realtek ɗin da ke jikin allo, direban re ne ke tuƙa ta. Tana aiki lafiya lau har sai an ɗora mata nauyi, sannan ka ga "watchdog timeout" a log, ƙofar ta mutu na 'yan daƙiƙu ta dawo, wani lokaci kuma ba ta dawowa sai an sake kunna na'ura. Akwai ƙarin os-realtek-re a OPNsense mai ɗauke da direban kamfanin kansa, yana rage matsalar sosai, amma ni ba zan ɗora WAN, wato ɓangaren intanet, ko babban LAN, wato ɓangaren cikin gida, a kanta ba. Ka bar ta ta zama ƙofar shiga saiti ranar da ka kulle kanka a waje da wata doka.

Adaftar USB kam a'a. Tana cin furosesa, tana zafi, kuma in ta ɓace na ɗan lokaci ko ta makara wajen bayyana yayin tashi, tsarin zai ga ƙofar da aka ba aiki babu ita, ya rikice a kan wace ce wace. Wi-Fi ma haka: FreeBSD tana baya sosai wajen mayar da kati ya zama mai rarraba Wi-Fi, abin da za ka samu bai wuce tsohon 802.11n a kan wasu katunan Atheros ba. Ka sayi na'urar Wi-Fi ta daban wadda ta san VLAN, ka ja mata kebul daga suwic.

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

Duk abin da Malam Mai Kebul ya faɗa haka yake. Zan ɗora a kan kalma ɗaya da ke cikin tambayarka wadda ta canza lissafin furosesa gaba ɗaya, wato PPPoE.

Layukan jiran da ya ambata suna aiki ne saboda katin yana leƙa adireshin IP da lambar port na kowane fakiti ya jefa shi a layi daban-daban. Fakitin PPPoE a naɗe yake cikin wata riga, yawancin katuna ba sa iya leƙa cikinsa, sai su tura komai layi ɗaya, ƙwaya ɗaya. Saboda haka a layin PPPoE ƙarfin ƙwaya guda ya fi yawan ƙwayoyi muhimmanci. Shi ya sa allon APU2 na PC Engines, mai ƙwaya huɗu masu gudun 1GHz da katunan Intel masu kyau, ya yi suna wajen kasa cika gigabit a PPPoE ƙarƙashin FreeBSD. Shi i5-6500 yana gudu daga 3.2 zuwa 3.6GHz, N100 yana kaiwa 3.4GHz, dukansu za su cika gigabit 1 ba tare da gumi ba. In ka ga ƙwaya ɗaya ta cika maƙil, ka sa net.isr.dispatch ya zama deferred, net.isr.maxthreads ya zama -1, net.isr.bindthreads ya zama 1, ka sake kunnawa. A ɓangaren pfSense, bugu na 2.8 da ya fito a 2025 ya zo da sabon direba if_pppoe don rage wannan matsalar.

Kada ka sa ran ganin 1000 a gwajin gudu. Da MTU 1500, wato iyakar girman fakiti a bayit, iyakar abin da TCP ke bayarwa a ƙofar gigabit kusan megabit 940 ne. PPPoE yana cin bayit 8 daga kowane fakiti, MTU ya koma 1492, sai adadin ya ƙara sauka kaɗan. Mutane da yawa suna sauya na'ura a kan wannan alhali babu abin da ya lalace.

Maganar AES-NI, wato umarnin da ke cikin furosesa don hanzarta sakaya bayanai: IPsec da OpenVPN ne ke cin moriyarsa. WireGuard da ChaCha20-Poly1305 yake aiki, bai damu da AES-NI ba, abin da ke taimaka masa shi ne irin su AVX2. Furosesoshin nan biyu duk suna da duka biyun. Wanda za a kiyaya shi ne Celeron J1900, da har yanzu ake sayar da akwatuna masu ɗauke da shi, ba shi da AES-NI kwata-kwata. Kuma ka tuna WireGuard a kan PPPoE yana son MTU 1412, ba 1420 da aka saba ba. In ka bar shi a 1420 za ka ga wasu shafuka suna buɗewa, wasu suna maƙalewa a rabi.

Suricata ne zai gaya maka gaskiyar na'urarka. Tace fakiti da NAT, wato raba adireshin intanet ɗaya ga na'urorin gida, aiki ne mai sauƙi, amma binciken cikin kowane fakiti da dubban dokoki yana cin furosesa da RAM. Idan kana so ya riƙa toshewa, ba kallo kawai ba, galibi da netmap yake aiki, wato hanyar karɓar fakiti kai tsaye daga kati, shi kuma netmap yana son direban da ya san shi tun asali, irin su igb, em da ix.  Kada ka ɗora shi a kan ƙofar PPPoE ɗin, ba ta zahiri ba ce. Ka ɗora shi a kan ƙofar LAN ta ainihi wadda VLAN ɗinka ke hawa, ka kunna yanayin promiscuous. Sannan dole a kashe ayyukan da kati ke karɓa daga furosesa, wato lissafin checksum da TSO da LRO, da tace VLAN a kan kati. OPNsense tana zuwa da ukun farko a kashe, ka bar su haka. Ka kuma zaɓi dokoki da hankali. Kunna duka jerin ba ya ƙara tsaro gwargwadon yadda yake rage gudu, balle yanzu da mafi yawan zirga-zirga a sakaye take, Suricata ba ya ganin cikinta.

RAM 8GB ya isa, shi ne ma abin da OPNsense ke ba da shawara. Teburin haɗe-haɗe ba ya cin komai: kowace shiga kusan kilobayit 1 ce, ko da 100,000 ne bai wuce megabayit 100 ba. Masu cin RAM su ne Suricata, manyan jerin toshe adireshi a Unbound mai fassara sunayen shafuka, da ma'ajiyar wucin gadi ta tsarin ajiyar fayil na ZFS.

Mai Gyaran Sabar ta amsa:

Malamai, ina da ɗan saɓani a kan Realtek. Laifin ba na cip ɗin ba ne kaɗai, na haɗuwarsa da FreeBSD ne. A Linux direban r8169 ya daɗe da nuna, kuma OpenWrt, IPFire ko VyOS za su tuƙa wannan ƙofar ba tare da mutuwar da aka ambata ba. PPPoE ma ya fi sauƙi a kan Linux. Don haka hanya biyu ce: ko ka zaɓi manhaja ka sayi kayan da suka dace da ita, ko ka dubi kayan da ke hannunka ka zaɓi manhajar da ta san su. Tunda ka ce OPNsense kake so, to shawarar Intel tana nan daram. Na faɗa ne don kada wani mai karatu ya zubar da na'ura mai kyau.

Akwai ma hanyar ƙofa ɗaya. Tunda VLAN uku dole su sa ka sayi suwic mai saiti wanda ya san ƙa'idar VLAN ta 802.1Q, kana iya sa WAN ya zama VLAN na huɗu, komai ya bi ta kebul ɗaya. Illarsa duk fakiti sai ya shiga ya fito ta ƙofa guda, don haka saukewa da ɗorawa da zirga-zirgar tsakanin VLAN duk suna rabon gigabit ɗaya a kowane ɓangare, kuma kuskure ɗaya a saitin suwic zai iya haɗa intanet kai tsaye da cikin gida. Ga layin gigabit ban so maka ita ba.

Game da akwatin N100, ƙofa huɗu ba suwic ba ce. In ka haɗe su da gada a manhaja, furosesa ne zai riƙa ɗaukar kowane fakiti daga wannan ƙofa zuwa waccan, aikin da ƙaramin suwic ke yi a cikin cip ɗinsa. Biyu kake buƙata, WAN da LAN, ta uku ta gaggawa. Ka tambayi mai sayarwa takamaiman cip ɗin. I225-V na farko-farko, bugun B1 da B2, suna da aibi a gudun 2.5, suna zubar da fakiti ko su faɗo gigabit 1 da wasu suwic. B3 ne aka gyara. I226-V ya fi, amma shi ma yakan yanke haɗi saboda dabarun tsimin wuta, sai an kashe ASPM a BIOS da kuma EEE. Wasu akwatunan kuma RTL8125 ne a ciki ko da an rubuta 2.5 da manyan baƙaƙe, a nan sai ka ga manhajar girkawa ba ta ga ƙofa ko ɗaya ba, ga shi kana buƙatar intanet kafin ka sauke direban.

In za ka saye shi babu RAM babu faifai, ka kula. N100 hanyar RAM ɗaya gare shi, rami ɗaya, kuma a hukumance 16GB ne iyakarsa. Wasu allunan DDR4 ne mai haƙori 260, wasu DDR5 mai 262, ba sa shiga ramin juna. Ramin M.2 ma kala-kala ne: wani NVMe kawai yake karɓa, wani SATA kawai, ƙaramin mai tsagar A da E kuma na katin Wi-Fi ne. Hanyoyin PCIe tara kacal furosesan ke da su, ƙofofin netwok huɗu sun cinye huɗu, shi ya sa NVMe ɗin yakan samu hanya ɗaya ko biyu. Ga fayawol wannan ba komai ba ne. Abin gudu shi ne eMMC da filashar USB a matsayin faifan tsarin, domin log da bayanan Suricata da NetFlow suna rubutu dare da rana har su cinye shi. SSD mai 120GB ya wadatar. Ka girka da ZFS, ya fi UFS jure ɗaukewar wuta ba zato, kuma ka sa ƙarin os-cpu-microcode-intel, saboda ƙwayoyin wannan zuriyar sun zo da kurakuran da sabon microcode ke gyarawa.

Wuta kuma ita ce inda akwatin ya fi kwamfutar ofis. Kada ka kwatanta watt 6 na N100 da 65 na i5-6500 kai tsaye, waɗannan lambobin zafin da za a kwashe ne, ba abin da na'urar ke ja tana zaune ba. Ka auna da mitar soket. Kowane watt 1 da ke kunne dare da rana yana cin kilowatt-awa 8.76 a shekara, don haka bambancin watt 15 ya haura 130. Haka nan yana shafar tsawon lokacin da UPS zai riƙe ka.

Ɗan Koyo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Malama, da ku duka malamai. Zan fara da kwamfutar ofis ɗin da I350-T2 tunda tana hannu. Yaya zan tabbatar katin da aka ba ni shi ne, kuma lafiyarsa ƙalau kafin in cire tsohuwar rauta? Sannan idan nan gaba layin ya koma gigabit 2.5 ko 10, sai na sake komai?

Mai Kebul ya amsa:

Ka tashi na'urar daga filashar girka OPNsense, tana da yanayin gwaji ba sai ka girka ba. Ka shiga shell ka buga pciconf -lv. Lambar kamfani 8086 Intel ce, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom. Lambar na'ura 1521 ita ce I350 mai ƙofar kebul, 1533 I210, 15f3 I225-V, 125c I226-V. In I225-V ce, ka duba rev ya zama 03. A Linux lspci -nn zai nuna maka waɗannan lambobin. Amma ka sani wannan cip ɗin kawai yake tabbatarwa, jabun kati ma yakan ɗauki cip na gaske a kan allo mai ƙarancin inganci, don haka gwajin nauyi ne zai raba gardama.

Gwajin kuwa ta cikin fayawol ake yinsa, ba zuwa gare shi ba. Kwamfuta ɗaya a gefen WAN tana gudanar da manhajar auna gudu iperf3 -s, ɗaya a gefen LAN tana iperf3 -c da adireshin waccan, ka ƙara -P 4 da -t 600, sannan ka maimaita da -R don juya alkibla. In ka sa iperf3 a kan fayawol ɗin kansa, ƙarfinsa na ƙirƙirar fakiti kake aunawa, ba na wucewa da su ba, kuma lambar za ta fito ƙasa. Yayin da gwajin ke tafiya, top -HSP zai nuna ko ƙwaya ɗaya ce ta cika, netstat -i zai nuna Ierrs da Idrop, waɗanda ya kamata su tsaya a sifili. In ifconfig ya nuna 100baseTX maimakon 1000baseT, kebul ne kusan kullum: gigabit yana buƙatar wayoyi takwas ɗin duka, in ɗaya ta tsinke ko ba ta kama a kan RJ45 ba sai haɗin ya sauka 100 ko ya ƙi kamawa gaba ɗaya. Ka kuma bar Memtest86+ ya zagaya RAM ɗin aƙalla sau ɗaya cikakke, tunda ta hannu ce.

A BIOS abu uku: ka kashe Secure Boot, ka sa na'urar ta kunna kanta idan wuta ta dawo, ka hana ta tsayawa jiran madannai. Batirin CR2032 na allon ma ka sauya shi yanzu. In ya mutu, saitin nan ya goge, agogo ya koma baya, sai DNSSEC da takardun shaida su fara ƙin aiki ka rasa dalili.

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

A kan tambayarka ta biyu, 2.5 ba zai sa ka sake komai ba. Katin I226 mai ƙofa ɗaya x1 ne, zai shiga ƙaramin ramin da ya rage. Ko da ramin PCIe 2.0 ne, hanya ɗaya tana ɗaukar kusan gigabit 4 a kowane ɓangare, 3.0 kuma kusan 8. Sai dai LAN ma yana buƙatar 2.5, don haka a lokacin za ka cire I350 ka sa mai ƙofa biyu a x16. Kebul ɗin Cat5e mai kyau yana ɗaukar 2.5 har mita 100.

Gigabit 10 ne ke da tarko. X540-T2 yana da arha a kasuwar na hannu, amma 100, 1000 da 10,000 kawai ya sani. In akwatin fayiba na kamfani ƙofar 2.5 ko 5 gare shi, haɗin zai faɗo gigabit 1. X550-T2 ne ya san matakan tsakiya. X520-DA2 mai ramin SFP+, wato ramin da ake cusa wa modul ɗin haɗi, x8 ne na PCIe 2.0, kuma yakan ƙi karɓar modul ɗin da ba na Intel ba sai an sa hw.ix.unsupported_sfp ya zama 1. Tsakanin fayawol da suwic da ke kusa da juna, kebul ɗin DAC, mai haɗa ramukan SFP+ biyu kai tsaye, ya fi komai sauƙi da sanyi. Modul ɗin da ke mayar da SFP+ ya zama RJ45 yana zafi ƙwarai. Su waɗannan katunan an ƙera su ne don sabar da iska ke ratsawa da ƙarfi, a siririn akwati ƙarfen sanyayarsu kaɗai ba ya isa, sai ka ɗaura masa fanka mai milimita 40. In ba haka ba katin zai riƙa ɓacewa ana tsakiyar aiki, ka ɗauka direba ne. Kuma a wannan gudun, da PPPoE da Suricata tare, i5-6500 ne zai fara gazawa kafin katin.